Gwaggo da Wasan Mai Fenti

Ranar da Gwaggo ta rasu, hawaye bai zo mini ba sai da matan tsohuwar unguwarmu suka fara hawowa bene. An yi mata salla a Harami bayan azahar, maza suka wuce da ita maƙabarta, mu kuma muka janye kujeru muka shimfiɗa dardumai a falon gidan hayar da ta ƙarasa kwanakinta a ciki. Tun da aka rushe ɓangarenmu na unguwar Nakkasa a Makka ban sake ganin waɗannan fuskoki a ɗaki ɗaya ba. Wannan ta taso daga unguwar Shara'i, waccan daga Jidda, wata kuma ɗanta ne ya goyo ta har bakin ƙofa, don ƙafa ta daina ɗaukarta.

Ita wannan ta ƙarshen ƙawar Gwaggo ce tun suna 'yan mata. Da aka miƙa mata gahawa sai ta ture kofin, ta buga tafin hannunta a ƙasa, ta ce, "Haka muka yi da ke? Ke da kika ce ke za ki wanke ni?"

Akwai wata maƙwabciyarmu ta dā, 'yar Burma, wadda shekara da shekaru katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da na Gwaggo. Ba ta jin Hausa ko kaɗan. Ta rungume ni, ta yi mini gaisuwa da Larabci, sannan ta rasa abin da za ta ƙara. Sai ta buɗe baki a hankali ta rera amshin nan da ta saba jiyowa ta saman katanga: "Shafa shuɗi, shafa kore." Duk ta karya kalmomin, amma karin bai kuskure ba. Wata ta yi dariya, ta toshe baki da mayafi, dariyar ta juye kuka, ɗakin gaba ɗaya ya ɗauka. A nan nawa ya zo.

Da aka ɗan natsu, surukar Gwaggo, matar babban ɗanta, tana zagayawa da dabino, ta ce, ba da wata manufa ba, "To, ai Mai Fenti ma yau aka binne shi." Maganar nan ce ta sa na zauna rubuta wannan.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Mai Fenti kuwa wasan kwaikwayo ne na waƙa da ta shirya a kan mahaifinsu, wato kakana, ta riƙa nuna shi duk shekara tun ina budurwa har na aurar da 'ya. Mata zalla ne, masu yi da masu kallo. Wanda bai zauna Nakkasa ba zai ce ina Makka ina wasan kwaikwayo. Mu ma ba mu taɓa ɗaukarsa wani babban abu ba. Da zarar alhazai sun watse, gari ya yi sarari, waɗanda suka yi aikin Arfa da Muzdalifa sun huta gajiya, sai ka ji mata suna tambayar juna a bakin famfo, "Yaushe Mai Fenti?"

Kakana ya bar ƙauyensu a ƙasar Katsina da matarsa da 'yar ƙaramar 'yarsa, Gwaggo ke nan, da niyyar aikin Hajji ta ƙasa. Tafiyar da aka ce musu ta shekara biyu ce ta ci fiye da goma. Shi ba ƙaƙƙarfan manomi ba ne, ba kuma ɗan kasuwa ba. Abin da hannunsa ya iya shi ne fenti. A Cadi ya shafe ƙofofin shaguna. A Sudan ya koma jikin manyan motoci, yana zana musu zaki da dawisu da furanni. A can aka haifi mahaifina. Da suka haye teku suka iso Makka, wani malami ya ce masa zanen abu mai rai bai dace ba. Bai yi gardama ba. Ya koma shafe ƙofofin gidaje da adakokin ƙarfe da alhazai ke zuba tsaraba a ciki. Rabin ƙofofin layinmu aikin hannunsa ne, shuɗi da kore, da reshen fure a tsakiya.

Da ya rasu, masu ta'aziyya suka yi ta yabonsa: mutum mai shiru, ba ruwansa da kowa, daga masallaci sai gida. Gwaggo ta saurara ta saurara, da baƙi suka fita sai ta ce wa mahaifiyata, "Wannan da suke faɗa ba ubana ba ne. Ubana mai surutu ne, mai taurin kai, kuma har a likkafani akwai kore a farcensa."

Sana'arta girki ce. Tana dafa abincin biki, lokacin Hajji kuma tana tafiya Arfa da manyan tukwanenta. A kan tukwanen nan ta fara haɗa baitoci, tana juya shinkafa tana ƙunƙuni, har masu taya ta aiki suka fara amsawa ba su san me suke amsawa ba. Wani watan Muharram ta tara matan layin a saman soronta bayan la'asar. Ta ɗaure igiyar shanya daga tankin ruwa zuwa ƙarfen bakin matakala, ta rataya zannuwan gado, aka kifa ƙwarya a cikin kwanon ruwa, wata ta zo da mandiri. Da aka yaye zanen sai ga Gwaggo cikin tsohuwar jallabiyar kakana mai tabon fenti kala-kala, da gemun auduga, da buroshi a bayan kunne, tana tafiya irin tasa, kafaɗa ɗaya a karkace. Tsofaffin da suka san shi suka yi salati. Ɗaya ta tashi za ta gudu.

Duk wadda ta taɓa shiga wasan nan ta san ludayin Gwaggo. Da shi take nuna wadda za ta shigo, da shi take tsayar da kiɗa, wani lokaci da shi take taɓa ƙeyar mai surutu. Tana ajiye wata tsohuwa mai nauyin kunne a can gindin tankin ruwa, idan kika rera baitinki sai ta ɗaga murya, "Hajiya, kin ji?" In tsohuwar ta girgiza kai, Gwaggo ta ce, "To ba ki yi ba. Da kanki kike hira." Wadda ta makara zuwa gwaji kuwa hukuncinta sananne ne: ita ce jaki a shekarar, za ta yi rarrafe da kaya a baya tun daga Katsina har Cadi. Ni na yi jaki. Matar limamin layinmu ma ta yi, ta kuma yi shi da kyau.

Ba ta taɓa yarda a rubuta wasan ba, kuma ba ta taɓa yin sa iri ɗaya ba. Sai mun haddace baiti mun gama, ta zo ta canza shi. Idan muka yi ƙorafi ta ce, "Bara ban tuna ba, bana na tuna. Ubanki ne ko nawa?"

Wurin da aka fi so shi ne wurin zaki. Mai Fenti ya kwana biyu yana aiki a jikin motar wani direba a Sudan, ya ja da baya yana alfahari, direban ya zo ya tsaya ya riƙe ƙugu. Sai 'yan amshi su ɗauka:

Direba ya ce, Malam, wannan bunsuru ne.
Mai Fenti ya ce, zaki ne, yunwa yake ji.
Shafa shuɗi, shafa kore.

Mata su yi ta faɗuwa kan juna. Amma wurin da ya biyo bayansa shi ya jawo rigima a gidanmu.

A Sudan ɗin, aiki ya karɓi kakana, direbobi suna layi a ƙofarsa, sai ya manta da abin da ya fito da shi. Duk shekara ya ce wa kakata baɗi za su tashi. Ranar da ta gaji, ta ɗaure kaya, ta goya mahaifina, ta kama hannun Gwaggo, ta nufi tasha ba ta waiwaya ba. Shi kuwa ya biyo su a guje, takalmi ɗaya a ƙafa, gwangwanin fenti a hannu, yana kiran sunanta a tsakiyar kasuwa. Gwaggo tana yin gudun nan da takalmi ɗaya, gemu yana lilo, har sai ta zagaye soron.

Mahaifiyata ta dawo gida tana ba da labari tana dariya, ba ta lura fuskar Baba ta canza ba. Washegari bayan la'asar ya sa hularsa ya haura gidan Gwaggo, ni kuma ina can ina tsince mata shinkafa.

Ya ce, "Yaya, ashe ubanmu kika mayar abin dariya a gaban matan unguwa?"

Ba ta ɗago daga tiren da ke cinyarta ba. Ta ce, "Kai kana goye a baya lokacin. Ni da idona na gani."

"Ko kin gani, ba komai ake faɗa ba. Mutum ya yi Hajji, ya mutu a Makka, an yi masa salla a Harami. Abin da za a tuna shi da shi ke nan, ba takalmi ba."

"Da Inna ba ta ɗaure kayan nan ba, da ba Hajji, ba Makka, ba Harami. Kana so in yabe shi in bar ta? Kuma shi da ya biyo mu a guje, ai gudun ne Hajjinsa. Wani da ya tsaya neman ɗaya takalmin."

Baba ya ce, "Ki cire wurin."

Ta ce, "Ba zan cire ba."

Ya juyo ya ce mini in tashi mu tafi. Ya hana ni zuwa wasan, ya hana mahaifiyata, muka yi shekaru muna jiyo ƙwaryar daga tagar ɗakin girki. Tsakaninsa da yayarsa sai sallama kawai. Duk da haka kowace Juma'a kwanon ɗanwakenta sai ya iso gidanmu, da man gyaɗa da yaji yadda yake so. Ya cinye tas, ya mayar da kwanon ba saƙo. Ita ma ba ta taɓa fasa aikowa ba.

Abin da ya raba gardamar injin ruwa ne. Ya lalace a gidanta ana jibi wasa, 'ya'yanta maza duk suna wurin aiki, Baba kuma shi ya san kansa. Ya je ya gyara, ya ce zai dawo ya duba ko yana ja. Ya koma ranar wasan, ya zauna a ƙasan matakala inda ba ya ganin kowa, kowa ba ya ganinsa, bai tashi ba har aka gama. Da mata suka watse ta sauko, ko gemun ba ta cire ba, ta tarar da shi.

Ya ce, "Motar nan ba ja ba ce. Rawaya ce."

Ta ce, "Kai da ba ka fi goyo ba, ina ka sani?"

"Shi ya gaya mini. Ya ce duk Sudan ba a taɓa shafa rawaya irinta ba."

Da shekara ta zagayo motar ta zama rawaya a cikin waƙa. Takalmin yana nan yadda yake. Baba bai taɓa cewa ya yarda ba, amma bai sake hana mu ba.

Akwai wata baiwar Allah 'yar Damagaram da ta zo aikin shara a wani masaukin alhazai, ta kama ɗakin ƙasa a gidan Gwaggo. Tana nan aka yi mata waya cewa ɗanta ɗaya tilo ya rasu a gida, kuma ba halin tafiya. Ta daina magana. Ta tafi aiki, ta dawo, ta rufe ƙofa. Mun yi ta shiga muna ba ta haƙuri, tana kallon bango. Gwaggo ba ta ce mata yi haƙuri ko sau ɗaya ba. Abinci kawai take ajiye mata a bakin ƙofa. Da lokacin gwaji ya zo, ta sauka ta ƙwanƙwasa, ta miƙa mata sandunan kiɗa.

"Mai ƙwaryarmu ta koma Kano. Taso."

"Inna, ni ban iya ba."

"Duka ne kawai. Kina da abin da za ki daka a cikinki."

Ta hau soro kamar wadda ake ja. Dukan farko a hankali, na biyu a hankali, can sai hannu ya ƙwace mata, ta yi ta maka wa ƙwaryar nan har ta tsage, ruwa ya fantsama wa na kusa. Gwaggo ta shiga ɗaki ta ɗauko wata ƙwaryar, ta kifa mata, ta ɗaga ludayi ta ce, "Daga farko." Tun daga ranar ita ce mai kiɗanmu, kuma ba mu taɓa samun kamarta ba.

Da 'ya'yanmu suka taso sai wata matsalar ta ɓullo. Nan aka haife su, Larabci ne a bakinsu, Hausa sai a gutsure. 'Yata ta taɓa ce mata, "Gwaggo, wallah ma fihimt, rabin waƙar ba na gane. Lesh, me ya sa ba za a yi da Arabi ba?"

Gwaggo ta dube ta sama da ƙasa. Ta ce, "Kakanku da Hausa ya ƙi tashi, da Hausa aka yi masa faɗa. In na mayar da shi Balarabe, Inna ba za ta gane mijinta ba." Amma ba ta kore ta ba. Ta ce ita za ta fito a malamin Makka, wanda ya hana zanen mai rai, ta ce ta yi shi da Larabcinta son ranta, da sharaɗin duk amshi da Hausa za ta yi. A wurin ne Mai Fenti yake sallama da zakinsa, yana ce masa ya koma daji, shi zai zauna da furanni. 'Yata ta zo ta tambaye ni ma'anar kowace kalma don ta san lokacin da za ta sunkuyar da kai. Yau akwai 'yan mata da yawa a garin nan da ba za su iya ce miki miƙo mini cokali ba, amma in kika ja musu baitin bunsuru za su ƙarasa miki shi har ƙarshe. Abin da ya rage musu na Hausa ke nan, kuma daga saman soron nan suka samo shi.

Sai shekarar da aka zo aka fesa wa gidajenmu jan fenti, alamar za a rushe. Mutane suna tsaye a ƙofofinsu, wasu na kuka, wasu na waya. Gwaggo ta fito da sandarta ta tsaya gaban bangonta ta daɗe tana kallon alamar. Na matso in riƙe ta, sai na ji ta ce, "Wanda ya yi wannan bai taɓa riƙe buroshi ba. Dubi yadda yake zuba."

Ba ta yi kuka ba, ko ta yi ban gani ba. Ta sa 'ya'yanta suka cire ƙofar gidan tun muna ciki, aka rataya bargo a madadinta. Ta bi layi gida gida tana roƙon duk wanda ƙofarsa aikin kakana ce ya bar mata. Wasu tsatsa ta riga ta cinye, wasu an shafe su da wani fenti, wasu masu gidan sun riga sun tashi. Ta samu 'yan kaɗan. Su aka jingina a bayanta a wasan ƙarshe na saman soro. Ranar, rabin unguwar ya zama tarin duwatsu, katafila tana aiki a gangare, ƙura tana tasowa har kan masu kallo. Wata ta ce a bari sai masu rushewar sun tashi daga aiki. Gwaggo ta ce, "Su yi nasu, mu yi namu," ta ce wa mai ƙwarya ta ƙara hannu. Ban taɓa jin muryarta ta kai inda ta kai ranar ba.

Bayan mun watse an sake yi sau ɗaya, a wani ɗakin biki da wani surukinmu ya nema mana. Akwai dandamali na gaske, da labule mai igiya, da fitilu. Aka miƙa mata makirufo ta ce a ba mai buƙata. Ta kai Cadi lafiya, ta kai Sudan, amma da aka zo gudun takalmi numfashi ya gagare ta. Ta tsaya ta dafa ɗaya daga cikin ƙofofin. Na kawo kujera, ta harare ni, sannan ta zauna. A zaune ta ƙarasa, kuma babu baitin da ta tsallake. Daga nan ciwon ya kwantar da ita.

A kwanakinta na ƙarshe na yi ta so ta yi mini wasiyya a kan wasan, ita kuwa sai zancen wa ya ci abinci, wa bai ci ba. Rannan ina shafa mata mai a ƙafa ta buɗe ido ta ce, "Jallabiyar nan, kar wata mai tsafta ta wanke mini ita." Na ce to. Ta ce, "Kuma ba ta ajiya ba ce." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Da aka share makoki na fara kiran mata ɗaya bayan ɗaya. 'Yata ta haɗa mu a waya, har da waɗanda suka koma Kano da Damagaram da Sudan, muka ce kowa ta rera abin da ta riƙe ta aiko. Ba mu da hoto ko ɗaya na wasan, don a bakin ƙofa ake karɓe wayoyi kamar yadda ake yi a bikin mata. Saƙonni suka yi ta shigowa, wata tana rerawa jikanta na kuka a baya, wata a cikin motar zuwa aiki da murya ƙasa-ƙasa. Baiti ɗaya sai ya zo kala uku, kowace ta rantse nata ne na gaskiya, kuma duk sun yi gaskiya. Muka zaɓa, muka jera. Katsina ta haɗu, Cadi ta haɗu, Sudan ta haɗu, Makka ta haɗu.

Teku ne ya ƙi haɗuwa. Waƙar hayewa ita kaɗai ce ba ta da amshi, ba ta da kiɗa. Gwaggo tana juya wa mutane baya ta yi ta ita kaɗai, a hankali, kuma ita ce kawai ba ta taɓa tambayar ko an ji ba. Wannan ta tuna akwai iska a ciki, waccan ta tuna akwai zani fari. Babu wadda ta riƙe ko baiti ɗaya cikakke. Wasu suka ce a tsallake, a tashi daga Sudan a sauka Jidda. Na ce a ba ni kwana biyu.

Na je wurin Baba. Ya tsufa yanzu, ido ya yi rauni, yawanci yana zaune kusa da taga da carbinsa. Na gaishe shi, na zuba masa shayi, na ce, "Baba, kai ka yi wayo lokacin da kuka hau jirgin ruwa. Me ya faru a teku?"

Ya ja carbinsa. Sannan ya ce, "Ba ta gaya muku ba?"

Na ce a'a.

Ya ce bayan sun bar garin motocin sun ƙara shekaru a bakin teku suna neman yadda za su haye, a can aka haifa musu ƙanwa. Inna ba ta da lafiya bayan haihuwar, Yaya ce ta raine ta, kullum tana bayanta. Da suka samu jirgi, na katako ne, mutane a cushe, rana a kai. Zazzaɓi ya kama yarinyar. Ana gobe za a ga ƙasa, rai ya yi halinsa, tana bayan Yaya. Ya ce Yaya ta sani, amma ta ƙi kwance goyon, ta ce barci take, don ta ji ana cewa saura kaɗan a iso, tana so a binne ta a ƙasa. Sai da mahaifinsu ya durƙusa a gabanta ya kwance zanen da hannunsa. Aka yi mata salla a kan jirgin, aka saka ta a ruwa.

Ya ce, "Tun daga ranar babu wanda ya sake kiran sunanta a gidanmu. Ni ma sai da na zauna a ƙasan matakalar nan na ji Yaya tana kiransa a cikin waƙa. Ku kun ɗauka sunan iska ne."

Ya laluba ya ajiye kofin, ya gyara hularsa.

Ya ce, "Kar ku tsallake teku. Ki kira mini mai ƙwaryar nan da sauran. Ni ban iya waƙa ba, amma zan faɗa, ku ku sa mata kari."

Haka muke yi yanzu duk Asabar bayan la'asar. Mata suna falo, Baba yana kan kujera a bayan labule. Ya faɗi magana ɗaya, mu juya ta mu juya ta har ta zauna a baki, in mun karkace ya buga sandarsa a ƙasa. Ba waƙar Gwaggo ba ce, mun sani, tata ta tafi da ita. Amma za a haye tekun. Mun tsayar da Muharram mai zuwa, bayan alhazai sun tafi. Ni zan sa jallabiyar, duk da muryata ba ta kai rabin tata ba, kuma duk wadda ta taɓa zama a saman soron nan, ko ina take yanzu, ta sani da ita muke.

Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya yalwata mata makwanci, Ya sanyaya shi kamar yadda ta sanyaya zukatan da suka zo mata a ƙone. Ya gafarta wa iyayenta da suka taka ƙasa mai nisa don su iso ɗakinSa. Ya kuma mayar mata da goyonta, a inda ba mai sake kwance shi.